Kyarkeci Ya Ɓace, Dila Ya Gaji Sunansa

A makarantun allo da na Islamiyya na Zangon Agege da Ajegunle da Idi-Araba, duk yaron da karatu ya kai shi ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sai ya gamu da sunan wata dabba wadda bai taɓa gani ba. 'Yan'uwan Yusufu sun jefa shi rijiya, suka komo wa mahaifinsu da rigarsa da jinin ƙarya, suka ɗora laifin a kan kyarkeci. Haka masu tafsiri suke fassara kalmar Larabci ta zi'ibu, haka kuma marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya fassara ta cikin tarjamarsa ta Alƙur'ani Mai Girma.

To, amma in yaron ya tambaya mene ne kyarkeci, nan ake yin ta. Wani zai ce masa ƙanen kura ne. Wani ya ce dila ne wanda ya ƙasaita. Mahaucin kwatar Oko-Oba zai ce karen daji ne kawai. Sai in an yi sa'a an sami tsohon maharbi wanda ya yi farauta a ƙasar Borgu ko ta Bauci, shi ne zai ce a'a, wata dabba ce dabbare-dabbare mai manyan kunnuwa, wadda ba ta tafiya sai cikin garke. Kura dai yaran Ikko sun san ta, don gardawa sukan kawo ta da takunkumi da sarƙa su yi wasa a bakin titi, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Dila kuwa sun san shi cikin tatsuniya. Amma kyarkeci suna ne kurum ya rage a bakin mutane.

Wannan ruɗani ba na mutanen zango ba ne su kaɗai. Masana ilmin dabbobi na duniya sun fi shekara 200 suna gardama a kan wace dabba ce ta cancanci wannan suna, da kuma yadda za a raba danginta. A ƙasashe da dama kafin a gama gardamar an riga an kashe dabbar ƙarƙaf. Abin tsoro shi ne, hanyar da waɗancan ƙasashe suka bi ita Nijeriya take kai yau.

Yadda Masana Suke Raba Dabbobi

A cikin 1758 wani masani mutumin ƙasar Suwidin, ana ce da shi Carl Linnaeus, ya tsara yadda za a riƙa raɗa wa kowace dabba suna biyu da harshen Latin, don mutumin Masar da na Ingila da na Sin su san dabba guda suke magana a kai. Sunan farko na zuriya ne, na biyu na gida. Ya sa kare da dila da kyarkecin Turai cikin zuriya ɗaya wadda ya kira Canis. Kyarkecin Turai, watau mai ruwan toka, ya ce masa Canis lupus, dilan Asiya mai ruwan zinariya kuwa ya ce masa Canis aureus.

Daga baya aka ƙara suna na uku, wanda za a iya cewa na ɗaki ne. Kamar yadda a gidan Bahaushe akan sami 'ya'yan uba ɗaya amma kowa da ɗakinsu, haka dabbobin gida ɗaya sukan bambanta da girma da launi bisa ga ƙasar da suke zaune, alhali in sun haɗu suna barbara su haihu. Kyarkeci mai ruwan toka yana da irin waɗannan ɗakuna fiye da 30 a littattafan masana, tun daga na ƙasashen ƙanƙara mai nauyin kusan ɗan maraƙi, har zuwa na hamadar Larabawa wanda bai fi karen farauta ba. Shi wannan mai ruwan toka shi ne yake ƙasar Kan'ana inda ƙissar Annabi Yusufu ta auku, kuma har yanzu akwai shi a Falasɗinu da Urdun da Hijaz. Bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Malamanmu na da da suka zo fassara sai suka ari sunan dabbar dajinsu wadda ta fi kusa da shi a hali.

Da can masana da ido suke aikin. Su auna ƙoƙon kai, su ƙirga haƙora, su dubi gashi. Amma kama da wane ba ta wane. Sai cikin 'yan shekarun nan aka sami hanyar duba ƙwayoyin gado, watau wani rubutu na halitta da yake cikin jini da ƙashi da gashin kowace dabba, wanda ɗa yake gada daga uwa da uba. Ko ƙashin da ya shekara ɗari a akwati ana iya karanta shi. Wannan hanya ita ta tona asirin kurakurai masu yawa.

Abin Da Ya Faru A Japan

Babu labarin da ya fi na kyarkecin Japan nuna yadda suna yake rikita mutane. Shi ƙaramin kyarkeci ne mai gajerun ƙafafu, tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa bai kai santimita 60 ba. Manoman duwatsun Japan ba su ɗauke shi abokin gaba ba, don shi yake korar musu aladun daji da bareyi masu cinye amfanin gona. Har wuraren bauta suka gina da sunansa, irin na Mitsumine da ke cikin duwatsun Chichibu. Suna da suna biyu, okami da yamainu, na biyun ma'anarsa karen dutse, kuma su kansu ba su daidaita ba ko dabba ɗaya ce ko biyu.

Wani likita Bajamushe, Philipp von Siebold, wanda yake yi wa 'yan kasuwar Holan aiki a Nagasaki, ya tattara fatu da ƙasusuwan waɗannan dabbobi aka kai birnin Leiden. A can shugaban gidan ajiyar kayan halitta, Coenraad Temminck, ya duba su, a cikin 1839 ya haɗa su duka ya ba su suna guda, Canis hodophilax. Ma'anar sunan mai gadin hanya, don mutanen Japan suna da camfin cewa kyarkeci yakan raka matafiyi cikin dare har ya isa gida. Bincike na baya ya nuna cikin kayan da Temminck ya duba har da ƙashin karen gida. Daga nan gardama ta tashi. Waɗansu suka ce gida ne mai zaman kansa, waɗansu suka ce ɗaki ne na mai ruwan toka, waɗansu kuma suka ce kare ne ya gudu daji.

Ana cikin wannan dabbar tana ƙarewa. Ciwon haukan kare ya shiga Japan wajen 1730, ya kama kyarketai, suka fara faɗa wa mutane, sai ƙauna ta koma ƙiyayya. Aka sare dazuzzuka, hukuma ta sa lada ga duk wanda ya kawo gawa. Ran 23 ga Janairu, 1905, waɗansu maharba a ƙauyen Higashiyoshino cikin lardin Nara suka kawo gawar wani ɗan saurayin kyarkeci wurin wani Ba'amurke mai suna Malcolm Anderson, wanda yake tara dabbobi don gidan ajiyar kayan tarihi na Landan. Suka yi ciniki, ya saya yen takwas da rabi. Babu wanda ya sani a ranar, ashe shi ne na ƙarshe da za a tabbatar. Fatarsa da ƙoƙon kansa suna Landan har gobe.

Sai bayan shekara ɗari, da aka duba ƙwayoyin gado, aka tabbatar ɗaki ne na mai ruwan toka, sunansa ya zauna Canis lupus hodophilax. Wani bincike da masanan Japan suka buga a cikin 2024 ya ƙara da cewa, cikin duk kyarketan da aka auna, shi ne ya fi kusa da karen gida a dangantaka. Watau dabbar da za ta taimaka a gane asalin karen da yake gadin ƙofa a Agege, an kashe ta tun kafin a san darajarta.

Suna Bayan Mutuwa

A tsibirin Hokkaido na arewacin Japan akwai wani kyarkecin dabam wanda ya fi wancan girma. Shi da gangan aka gama da shi. Gwamnati ta kafa gandun kiwon dawaki, kyarketai suka riƙa kashe 'yan duƙushi, sai wani Ba'amurke mai ba da shawara kan kiwo, Edwin Dun, ya sa aka riƙa barbaɗa guba a nama ana yarwa a daji. Wajen 1889 an gama da su. Sunan Canis lupus hattai kuwa sai a cikin 1931 aka raɗa masa, bayan ya fi shekara 40 da ƙarewa.

Na tsibirin Sisili a kudancin Italiya ya fi wannan ban takaici. Kyarkeci ne siriri mai hasken gashi, wanda ya koma cin tumaki bayan mutane sun ƙarar da namun dajin tsibirin. Na ƙarshe da aka tabbatar an harbe shi a Bellolampo kusa da birnin Palermo a cikin 1924. Masana suka ɗauka irin na sauran Italiya ne, ba su kula ba. Sai a cikin 2018 waɗansu masana biyu, Angelici da Rossi, suka auna 'yan fatu da ƙoƙunan kai da suka rage a gidajen ajiya, suka ga ashe ɗaki ne dabam, suka kira shi Canis lupus cristaldii. Shekara 94 ke nan tsakanin mutuwa da raɗin suna. Ihu bayan hari ke nan.

Ashe Malamin Daji Kyarkeci Ne

Yanzu sai a komo gida. Kowane Bahaushe ya san dila, malamin daji, wanda cikin tatsuniya yake raba gardama tsakanin kura da zaki ya kuma tsira da rabonsa. Makiyaya sun san shi da satar 'yan awaki da kaji, manoma sun san kukansa da magariba. Nauyinsa tsakanin kilo 7 ne da 15, yana zama shi da matarsa su biyu, yana cin ɓeraye da zomaye da fara da 'ya'yan itace da mushe. Iri biyu ne Hausawa suke kira dila. Akwai mai ruwan ƙasa na ƙasashen Sakkwato da Katsina da Borno da Damagaram, akwai kuma mai ratsi a haƙarƙari da farin bakin wutsiya, wanda ya fi son wuraren da ke da damshi da duhuwa.

Mai ruwan ƙasan nan shi ne ya wahalar da masana. A cikin 1820 wani Bafaranshe, Frédéric Cuvier, ya ga irinsa da aka kawo daga Senegal, ya kira shi Canis anthus. Bayan shekara goma sha wani abu, Jamusawa biyu, Hemprich da Ehrenberg, suka bayyana na Masar da sunan Canis lupaster, watau mai kama da kyarkeci. A cikin 1880 wani babban masani na Ingila, Thomas Huxley, ya lura ƙoƙon kan na Masar ya yi kama da na kyarkecin Indiya ƙwarai. Duk da haka, kafin yaƙin duniya na biyu sai aka tattara su duka aka zuba cikin gidan dilan Asiya, Canis aureus, don launinsu da girmansu sun yi kama. Haka aka riƙa koyarwa a jami'o'i har da na Nijeriya shekaru da yawa. A cikin 1981 wani masani mai suna Ferguson ya sake ta da maganar cewa na Masar kyarkeci ne, ba a bi shi ba.

Ƙwayoyin gado su suka raba gardama. A cikin 2011 aka auna waɗansu diloli na tsaunukan Habasha aka ga sun fi kusa da kyarkeci. A cikin 2012 aka sami irin wannan sakamako daga Aljeriya da Mali da Senegal. Sa'an nan a cikin 2015 wata ƙungiyar masana a ƙarƙashin Klaus-Peter Koepfli ta buga cikakken bincike wanda ya nuna dilan Afirka da na Asiya ba gida ɗaya ba ne ko kaɗan, sun rabu tun fiye da shekara miliyan guda, kuma na Afirka ya fi kusa da kyarkeci mai ruwan toka. Aka ce rabon da a sami sabon gida cikin dangin kare a Afirka an yi shekara 150. Wani bincike na 2018 ya ƙara bayyana cewa jininsa gauraye ne, kashi 72 cikin ɗari na mai ruwan toka, kashi 28 na jan kyarkecin tsaunukan Habasha. A wani taro da masana dangin kare suka yi a ƙasar Fotugal a cikin 2019, suka ba da shawara a tsaya kan sunan Canis lupaster, shi ake amfani da shi yanzu, ana kiransa kyarkecin Afirka. Dila mai ratsi kuwa aka fitar da shi daga zuriyar Canis ɗungum, aka kai shi wata zuriya mai suna Lupulella.

Abin mamaki, Larabawan Magariba, watau Maroko da Aljeriya da Tunis, tun kaka da kakanni dib suke kiran wannan dabba, kalma ɗaya da zi'ibu. Abin da Turawa suka kashe shekaru suna nema a ɗakin bincike, yana bakin makiyayan can tuntuni.

Wani zai ce, to, mene ne amfanin canjin suna, tun da dila bai san an yi ba? Amfanin babba ne. Muddin ana zaton dilan Katsina ɗaya ne da na Indiya da na Turai, babu mai damuwa in ya ragu a nan, don za a ce akwai shi jingim a can. Yanzu kuwa an san ba shi a ko'ina sai Afirka, daga Senegal zuwa Masar zuwa Tanzaniya. In ya ƙare a nan ya ƙare a duniya. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ba ta sa shi cikin masu haɗari ba tukuna, amma ta ce yawansa raguwa yake yi.

Mai Sunan Na Ainihi

Saura dabbar da tsohon maharbin nan ya kwatanta, wadda ita ce Hausawa suka fara kira kyarkeci tun kafin a ari sunan. Jikinta dabbare-dabbare ne da baƙi da fari da ruwan ɗorawa, babu biyu masu zane iri ɗaya. Kunnuwanta manya ne kewayayyu, ƙafafunta dogaye, bakin wutsiyarta fari, nauyinta daga kilo 18 zuwa 36. Yatsu huɗu gare ta a kowace ƙafa, alhali kare da dila biyar gare su a ƙafafun gaba.

Ita ma ba ta tsira daga ruɗanin suna ba, kuma mutumin da ya rikita na Japan shi ya fara rikita ta. A cikin 1820 Temminck ya ga fatarta da aka kawo daga Mozambik, ya ce kura ce, ya kira ta Hyaena picta, watau kura mai zane. Sai a cikin 1827 wani Bature ɗan Ingila, Joshua Brookes, ya gane dangin kare ce, ya buɗe mata zuriya tata mai suna Lycaon. Yau sunanta Lycaon pictus. Ba kura ba ce, ba dila ba ce, ba kuma cikin zuriyar kyarkecin Turai take ba. Ita kaɗai ta rage a zuriyarta duk duniya.

Zaman kyarketai abin a tsaya a duba ne. A garke mace ɗaya da namiji ɗaya su suke haihuwa, takan haifi wajen goma a rami, sauran duka su yi reno. Da safe da yamma suke farauta, ba kwanto suke yi kamar damisa ba, bin nama suke yi da gudu har ya gaji. In sun kashe sukan bar ƙanana su fara ci, sa'an nan su komo rami su amayar da nama ga 'ya'ya da mai jego da wanda ya ji rauni. Amma wannan irin zama yana bukatar daji mai faɗi, don garke guda yakan yi yawo cikin ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita ɗaruruwa. Da zarar an yanyanka daji da gonaki da hanyoyin mota, su ne farkon masu tashi.

Turawan mulki ma ba su raga musu ba. Sun ɗauke su maɓarnata masu ƙarar da namun daji, har ma'aikatan gandun daji aka riƙa sa wa su harbe su. A Rodeshiya, wadda yanzu ake kira Zimbabwe, an kashe fiye da 3,000 tsakanin 1956 da 1975. Ga tarkon waya na mafarauta, ga gubar da makiyaya suke sa wa a mushe don kura, ga haukan kare da sauran cututtukan da suke ɗauka daga karnukan gida. Tun 1990 IUCN ta sa su cikin dabbobin da ke bakin ƙarewa, kuma ƙididdigarta ta 2012 ta ce waɗanda suka rage duk Afirka wajen 6,600 ne, mafi yawansu a kudu da gabas.

Daga Sansanin Mango Zuwa Agege

Na Afirka ta Yamma su suka fi shiga uku, kuma sunansu yana da alaƙa da tarihin mutanen zango. Kafin jirgin ƙasa, fataken goro daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan bi ta Borgu su sauka a wani gari da ke arewacin Togo ta yanzu, kafin su wuce Salaga a ƙasar Gwanja. Garin shi ne Sansanne Mango, kalmar farko kuwa sansani ce ta Hausa. Togo tana hannun Jamus har 1914, don haka kayan dabbobin wannan yanki Balin ake kai su. A cikin 1915 wani masani na gidan ajiyar Balin, Paul Matschie, ya raɗa wa kyarkecin wurin suna manguensis, watau na Mango. Shi Matschie an san shi da yawan raɗa sababbin sunaye, shi ya sa har yanzu masana ba su daidaita ba ko na yamma ɗaki ne dabam ko kuwa a'a.

Da hanyar jirgi ta isa Kano a cikin 1911, goro kuma ya yi albarka a gonakin Agege da Shagamu, sai fatauci ya juyo kudu, aka bar hanyar Gwanja, zangon Agege ya cika ya batse. Kakannin yaran da suke tambaya yau, su suka kwana a dajin Borgu da na Mango suna hura wuta don namun daji, sun san kyarkeci ido da ido. Jikokinsu sun gaji sunan, ba su gaji ganin ba.

A da an san kyarketai a Yankari ta Jihar Bauci, wadda aka keɓe a cikin 1956, da dajin Borgu wanda ya shiga gandun Tafkin Kainji, da Sambisa, da Gashaka-Gumti a kan iyakar Kamaru. An daɗe ba a gan su a Yankari ba. Doka ta hana kashe su, amma doka a takarda ba ta cire tarko a daji. Yanzu IUCN ta sa Nijeriya da Togo da Mali cikin ƙasashen da ake jin sun riga sun ƙare, Ghana da Kamaru kuwa ta ce sun ƙare. Inda aka tabbatar da sauransu a yamma shi ne gandun Niokolo-Koba na Senegal, sai kuma 'yan burbushi a babban dajin da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso. An ƙiyasta manyansu duka ba su kai 100 ba. In suka ƙare kafin a gama bincike, labarin Sisili ne zai maimaita kansa a ƙofar gida.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Ba a ce makiyayi ya zuba ido dabba ta cinye masa dukiya ba. Wanda dila ya ɗauke wa ɗan akuya ya san zafin abin, kuma mutanen Nijeriya da suke miliyan 55 da ɗoriya a ƙidayar 1963 yau sun haura miliyan 200, kowa yana neman gona da makiyaya. Amma guba ba ta zaɓe. Wadda aka sa don kura ita take kashe dila da ungulu da karen gida. Inda aka ƙarar da dila kuwa, ɓeraye da gafiya su suke gaje gonar. Garke mai shinge da kare mai gadi da yaro mai kula sun fi guba arha in an yi lissafi.

Ya kamata Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa da gwamnatocin jihohin da abin ya shafa su sa a bincika dazuzzukan Kainji da Gashaka-Gumti sosai, su kuma yi wa karnukan ƙauyukan da ke kewaye allurar haukan kare, don rigakafi ya fi magani. Jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri suna da sassan ilmin dabbobi, kuma dilan da duniya take magana a kansa yana bayan katangarsu. Bai kamata a ce sai an aiko daga Turai za a san wane iri ne yake Katsina, wane ne yake Borno ba. Gidauniyar Kare Halittu ta Nijeriya, wadda aka kafa a Ikko a cikin 1980, za ta iya haɗa kai da sarakunan Hausawan Ikko a kan wannan.

Su ma mutanen zango suna da abin bayarwa. Masu maganin gargajiya da suke shimfiɗa fatu da ƙasusuwa a bakin kasuwa, waɗansu kayan nasu gadon iyaye ne, kuma an ga yadda tsofaffin fatu da ƙasusuwa suka warware ruɗani a Japan da Sisili. In akwai fatar kyarkeci mai zane a cikinsu, ta fi daraja a hannun masu bincike bisa ga a yanka ta a yi laya, sabuwa kuwa kada a saya, don mai saye shi yake aiken maharbi. Tsofaffin maharba da fatake da direbobin shanu waɗanda suka san inda aka taɓa ganin garke, da shekarar da aka daina gani, ya kamata a zauna da su a rubuta abin da suka sani tun suna da rai.

Malamin makaranta kuwa, in yaro ya sake tambaya, yanzu yana da amsa. Kyarkecin ƙissar Annabi Yusufu mai ruwan toka ne na ƙasar Kan'ana, an yi masa ƙazafi bai ci kowa ba. Ɗan'uwansa na kusa a ƙasar Hausa shi ne dila mai ruwan ƙasa. Mai sunan na ainihi kuwa, mai zane da manyan kunnuwa, yana can ya rage kaɗan a dajin Senegal da kan iyakar Nijar. Allah Ya sa kada a wayi gari sai a akwatin Landan ko na Balin za a nuna wa ɗan Bahaushe shi.